Masu fulawa na bakin titi a Kano: dashe lafiyayye, iri kaɗan, aikin da ke ƙarewa ranar shuka

Duk wanda zai dasa bishiya a Kano yau, ko a harabar makaranta ne, ko filin masallacin Juma'a, ko sabon rukunin gidaje, kusan wuri ɗaya yake nufa: wajen masu fulawa da ke jera ledoji a gefen manyan tituna, musamman ta ɓangaren Nasarawa. Ana ce musu masu fulawa, amma kaso mai yawa na kayansu dashen itatuwa ne, kuma galibinsu suna karɓar aikin zuwa su haƙa rami su dasa maka. Abubuwa biyun nan, kayan da aikin, su ne za a auna a nan.

A fara da yabo, domin akwai abin yabo. Mutanen nan sun iya raino. Dashen da ya sha rana a bakin kwalta, ya sha ƙura da iskar hunturu, ya fi wanda aka ɗauko daga inuwar lambu jure wahalar makon farko a fili. Suna nan rani da damina, ana ciniki da su, kuma idan dashe ɗaya kake so za su sayar maka ɗaya. Inda suka fi gwaninta shi ne itatuwan marmari: mangwaro ɗan aure (wanda aka ɗora wa reshen wani iri mai kyau), lemo, gwaba. Wanda ya san hannunsa a cikinsu zai nuna maka tabon auren, kamar taƙi ɗaya sama da ƙasar leda, ya gaya maka irin da aka ɗora. Idan babu tabon nan, ko an ce maka ɗan aure ne, daga ƙwallo ya fito, kuma za ka jira shekara 5 zuwa 8 kafin ka san abin da ka saya, maimakon 3 ko 4.

Matsalar tana fara bayyana idan ka ce inuwa kake so. Amsar kusan ɗaya ce daga lambu zuwa lambu: darbejiya, satalayit, maskared, malaina, wani lokaci turare ko filamboyan. Babu ɗaya a cikinsu ɗan ƙasar nan. Darbejiya da maskared da malaina daga yankin Indiya suke, satalayit da filamboyan daga Madagaska, turare daga Ostireliya. Zama baƙo ba laifi ba ne. Darbejiya ta shigo ta Borno tun wajen 1928 kuma ta yi wa garuruwan Arewa aikin da babu mai musunsa. Laifin shi ne gari guda ya jingina inuwarsa kan iri biyar ko shida. Ka tambayi tsamiya, marke, kanya, ɗinya ko kirya, sai mai lambu ya ce maka: "Alhaji, ai waɗannan na daji ne, ba a nema." Gaskiya ya faɗa ta fuskar kasuwa. Satalayit tana kai tsayin sayarwa cikin 'yan watanni, kanya kuwa sai ta cinye masa ruwan shekara guda tana nan ƙasa da gwiwa. Amma Kano ɗin da ke da wurare masu sunan itatuwa irin su Durumin Iya da Ceɗiyar 'Yan Gurasa da Kurna da Ɗorayi da Kasuwar Rimi ba ta rasa sanin itatuwan cikin gari ba, kuma waɗannan ba a daji suke tsaye ba.

Hatsarin tara iri ɗaya ba hasashe ba ne. A shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai manne wa ganye ya afka wa darbejiya a yankin Tafkin Chadi, sannan a farkon shekarun 1990 aka ga wata lalura a Nijar da arewacin Najeriya mai sa ganyenta ya yi rawaya ya zube, rassa su fara bushewa daga sama. A Amurka, wani ƙwaro da aka gano a jihar Mishigan a 2002 ya kashe miliyoyin bishiyoyi na jinsi guda da aka cika tituna da su. Daga irin wannan darasi masana suka riƙe ƙa'idar da wani masanin itatuwa na Amurka, Frank Santamour, ya gabatar a 1990: kada iri ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na itatuwan wuri, kada 'yan jinsi ɗaya, wato ire-iren da suka fi kusanci da juna, su wuce kashi 20, kada 'yan dangi ɗaya, wato babban gidan da ya haɗa jinsuna, su wuce kashi 30. An tsara ta ne da biranen ƙasashen sanyi a zuciya, kuma a ƙasa mai damina ta wata huɗu zaɓi ya fi ƙaranci, amma ma'auni ne mai amfani.

Wurin da mai saye ke yawan ruɗuwa shi ne dangi. Darbejiya da maɗaci 'yan dangi ɗaya ne, don haka wanda ya raba filinsa biyu tsakaninsu bai bambanta da yawa ba. Tsamiya, gawo, ɗorawa, marga, kirya, bagaruwa da filamboyan duk gida ɗaya ne, gidan su wake. Ceɗiya, durumi, gamji da ɓaure jinsi ɗaya ne ma. Marke da satalayit 'yan uwa ne, haka mangwaro da kashu da danya. Da wuya ka sami mai lambun da zai yi maka wannan lissafi, kuma ba aikinsa ba ne sai ka sa shi. Ka je da takardarka. Ga makaranta mai rami 50, alal misali: darbejiya 5, maɗaci 4, tsamiya 5, marga 4, ɗorawa 2, marke 5, satalayit 3, mangwaro 5, kanya 4, ɗinya 4, kurna 4 a jikin katanga inda ƙayarta ba za ta dami yara ba, ceɗiya 2, durumi 2, kuka 1 a tsakiyar fili. Kusan rabin wannan jeri ba za ka same shi a bakin titi ba ranar da ka je. Gawo ba ya cikin jerin da gangan: yana zubar da ganye da damina ya yi toho da rani, abin da ke sa manomi ƙaunarsa, amma ga ƙaya, ga girma, ya fi dacewa da babban fili a gefen gari.

Kowace bishiyar da suke sayarwa tana da wurinta, kuma rashin faɗin wurin ne babban gibin shawararsu. Maskared ba ta inuwa; tsaye take zuwa sama, rassanta na saukowa jikinta. Ta dace da jikin katanga a tazarar mita 2 zuwa 3, ta tare ƙura da idon maƙwabta, amma wanda ya cika filin wasan yara da ita ya sayi ado ne kawai, ga shan ruwa. Satalayit tana da kyaun gani, rassa hawa-hawa, tana saurin girma, sai dai saiwoyinta na bin saman ƙasa, suna ɗaga intalok suna tsaga dakali. Mita 5 daga gini shi ne mafi ƙaranci. Turare na neman ruwa da ƙarfi, yana yar da reshe ba gargaɗi, ba a kai shi kusa da rijiya, sokawe ko wurin ajiye motoci. Malaina da filamboyan itacensu ba ƙwari, iskar farkon damina na karya su. Ceɗiya da durumi da gamji inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu za ta nemo bututun ruwa duk inda yake. Mita 10 zuwa 15 daga gini da magudana. A ƙarƙashin wayar lantarki kuwa kada a sa duk abin da zai wuce mita 5 ko 6: gwaba, lemo, magarya sun isa. Maɗacin da aka dasa ƙarƙashin waya ƙarshensa sara ne duk shekara har ya mutu.

Yanzu ga dashen kansa. Ido yana zuwa kan ganye, amma cinikin yana cikin leda. Mai saye na son dogo, mai lambu ya sani, don haka dashen da ya shekara biyu a ƙaramar leda shi ake sa wa kuɗi mafi yawa, alhali shi ne mafi lalacewa. Saiwar tsakiya ta kai gindin leda, ta rasa hanya, ta nannaɗe kamar gammo. Idan aka dasa shi haka, saiwar ba ta warwarewa. Bishiyar za ta yi shekara uku ko huɗu tana kyau, sannan ko ta tsaya cak, ko iska ta kwantar da ita, ka duba ka ga ba ta taɓa kama ƙasa ba. Wata matsalar kishiyar wannan ce: saiwa ta huda leda ta shiga ƙasan lambu, ranar saye a fizge ta ta tsinke, dashe ya yi yaushi kafin a kai shi gida. Mai lambun kirki yana ɗaga ledojinsa duk mako biyu zuwa uku yana datse abin da ya leƙo. Ka ɗaga leda da kanka. Idan ta ƙi tasowa, bar ta.

A ƙaramar leda, mai tsawon kamar santimita 20, dashen da ya dace shi ne mai tsayin santimita 30 zuwa 50, kauri kamar fensir, kai ɗaya miƙaƙƙe, gindi ya fara yin itace. Wanda ya kai mita ɗaya da rabi sai a babban buhu. Idan za ka sayi da yawa, ka biya kuɗin guda biyu na daban, ka yaga ledarsu a gaban mai lambu, ka wanke ƙasar a bokiti. Saiwa lafiyayya fara ce ko ruwan ƙasa mai haske, da ƙananan gashi ko'ina. Baƙa mai wari ta sha ruwa fiye da kima. Ka duba ƙasar ma: haɗin da ya dace kashi 2 ƙasar sama, kashi 1 yashi, kashi 1 ruɓaɓɓen taki. Wasu na cika leda da laka zalla don tana riƙe ruwa, ta rage musu wahalar ban ruwa. Idan ta bushe sai ta zama dutse. Ka juya ganye ka duba bayansa, musamman mangwaro da lemo: farin abu mai kama da auduga, ko baƙin danƙo a saman ganye, alamar ƙwari masu tsotsa ne, kuma kai za ka kai su gidanka.

Aikin dashen da suke yi shi ne inda maki ke zubewa. Ana biyansu da adadin dashe, don haka riba na cikin yawa da sauri. Sakamakon: rami daidai girman leda, tazara ƙanƙanuwa, wani lokaci ma ledar na nan a jikin saiwa an tsaga gindinta kawai. Ramin da ya dace santimita 60 ne faɗi da tsawo da zurfi. Idan an ci karo da marmara ko ɓaraguzan gini, abin da ya zama ruwan dare a sababbin unguwanni, sai an fasa gindin ramin da diga, in ba haka ba ruwan Agusta zai kwanta a ciki saiwa ta ruɓe. Gwajin mai sauƙi ne: cika ramin da ruwa da yamma, idan da safe yana nan, ramin bai yi ba. A ware ƙasar sama gefe ɗaya, a haɗa kashi 2 nata da kashi 1 na takin shanu da ya ruɓe sosai, a mayar a bar shi mako biyu ya zauna. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, yana ƙona saiwa, kuma wanda ke da ragowar kara da ciyawa yana kiran gara. Takin zamani ba shi da aiki a cikin rami ranar dashe.

Ranar dashen, da yamma ko ranar hadari, a yanke santimita 2 na gindin leda da wuƙa mai kaifi, wannan na cire naɗin saiwa, a tsaga gefe, a cire ledar gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta watse ba. Wuyan dashe, inda saiwa ta haɗu da kara, ya tsaya daidai da saman ƙasa. Binne shi da zurfi, wanda ma'aikata ke yi don kada ya kwanta, yana ruɓar da ɓawo a hankali, kuma a ɗan aure yana binne tabon auren. A taka ƙasa da ƙafa, a yi mata kwari mai faɗin mita ɗaya, a zuba jarka guda nan take. Idan za a yi intalok ko siminti, a bar wa kowace bishiya fili buɗaɗɗe na aƙalla mita 1.5 kowane gefe. Tazara tsakanin bishiyoyi: maɗaci mita 10 zuwa 12, tsamiya da mangwaro 10, darbejiya da marke 7 zuwa 8. Fili zai yi kamar wayam a shekarun farko, kuma mai lambu zai ba ka shawarar a cike. Idan ba ka iya jure gani, sa zogale ko gwanda a tsakani, waɗanda za ka cire ba tare da baƙin ciki ba.

Lokaci ma abin lura ne. A Kano, daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli, bayan ruwa ya zauna, shi ne lokacin. Dashen da aka sa a Satumba, wanda shi ne yawancin na bukukuwa da ɗaukar hoto, mako uku ko huɗu kawai yake samu kafin ruwa ya ɗauke.

Daga nan mai fulawa ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kuma daga nan ne aikin yake farawa. Ba su da tsarin dawowa sai ka ƙulla shi tun farko. Lissafin ruwa shi ne wanda ba a yi: kowane dashe na buƙatar lita 20 sau biyu a mako daga Oktoba zuwa Mayu, sau uku a Maris da Afrilu idan ƙasar jigawa ce. Bishiya 50 ke nan lita 2,000 a mako, jarka 80 mai lita 25. Makarantar da ba ta da rijiyar burtsatse ko kuɗin 'yan garuwa gara ta dasa 20 ta rayar da su. Yayyafi kullum, wanda masu gadi ke yi da tiyo, ya fi rashin ruwa kaɗan ne kawai: yana jiƙa saman ƙasa, saiwa ta ƙi nitsewa. Rani biyu ake yi ana wannan ban ruwa na lita 20. Tsamiya, marke, kurna da darbejiya sukan tsaya da ƙafarsu bayan haka, maskared da satalayit kuwa suna ci gaba da nema. A rufe kwarin da busasshen ganye ko ƙaiƙayi kaurin santimita 5 zuwa 8, amma a bar taƙi ɗaya tsakaninsa da kara saboda gara.

Sai awaki. Kejin da ake yi da sanduna uku da tsohon gidan sauro ba ya kai Disamba. Kariya ta kai tsayin mita 1.5, faɗin mita ɗaya, da waya mai raga ko tubalin da aka jera da ƙofofin iska, ta zauna shekara uku. Ganga da aka yanke tana ɗaukar zafi a bazara ta gasa dashe. Idan an ɗaure shi da sanda, a yi da tsumma ko robar taya, sako-sako yadda zai iya rangaji, a kwance cikin shekara guda. Waya ko igiyar leda da aka manta tana nitsewa cikin ɓawo ta shaƙe bishiyar.

Askin bishiya ba ya cikin abin da suka ƙware a kai. Almakashinsu na shinge ne da fulawa. Idan ka kira su ga babbar bishiya, abin da za a yi shi ne a sare mata kai da adda, kuma wannan ne mafi munin abin da ake yi wa itatuwan gari. Inda aka sare sai toho goma ya fito, dukansu a manne da ɓawo kawai, su yi tsawo da sauri su karye da iska, ruɓa kuma ta bi tsakiyar kututture. Gyaran gaskiya a shekara uku na farko ake yinsa, da ƙaramin zarto: a bar kai ɗaya, a cire mai gasa da shi, a riƙa rage rassan ƙasa kaɗan-kaɗan har a sami mita 2.5 a kan hanyar ƙafa, 4.5 a kan hanyar mota, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganye a shekara. Maɗaci na buƙatar ido musamman, domin akwai tsutsar da ke huda kan tohonsa ta sa ya rabu biyu ko uku. A zaɓi mafi ƙarfi a cire sauran tun suna ƙanana. Babban reshe ana yanka shi sau uku: a fara tsagawa daga ƙasa kamar santimita 30 daga jiki, a yanke daga sama gaba kaɗan ya faɗi, sannan a cire guntun daidai bakin kumburin da ke gindin reshe, ba a shafe kumburin ba, domin daga nan ciwon ke rufewa. Kauci idan ya hau, a yanke reshen da yake kai, santimita 30 ko fiye ƙasa da inda ya kama. Cizge shi kawai ba ya hana shi dawowa. Sauran masu kashe bishiyar gari mutane ne: ƙona shara a gindi, zuba ruwan wanki da baƙin mai, da masu sassaƙe ɓawon maɗaci don magani, waɗanda idan suka zagaye kututturen bishiyar ta tafi.

To, a saya a wajensu? A saya. Ga itatuwan marmari da darbejiya da maɗaci, da wuya ka sami mafi sauƙi. Aikin dashe kuwa a ba su shi da sharaɗi a rubuce: girman rami, tazara, da biya kashi uku, ɗaya ranar dashe, ɗaya a ƙarshen Oktoba, na ƙarshe a watan Yuni mai zuwa bisa adadin da ya rayu, tare da maye gurbin wanda ya mutu ba don rashin ruwa ko akuya ba. Wanda ya yarda da hannunsa zai karɓa, ko da ya ƙara kuɗi. A riƙe littafi: lambar kowace bishiya, irinta, ranar dashe, lambun da ta fito. Bayan rani ɗaya littafin zai nuna maka wane lambu za ka koma.

Itatuwan gida kuwa oda ake bayarwa, tun Janairu ko Fabrairu, da kafin alƙalami, kuma sau da yawa kai za ka kawo iri. Ƙwallon tsamiya ana jiƙa shi kwana ɗaya. Na kuka, ɗorawa, marga da kirya masu tauri ne, sai an ɗan kankare gefe da wuƙa ko an zuba musu tafasasshen ruwa an bar su su kwana a ciki. Irin maɗaci da na darbejiya ba sa ajiyuwa, ana shuka su cikin 'yan makonni da faɗowa. Ceɗiya da durumi ba sa buƙatar leda ma: sanda mai kaurin hannu, tsayin mita 2, a kafa ta santimita 50 cikin ƙasa da farkon damina, kanta ya riga ya wuce bakin akuya. Kanya da kirya kuwa sai a ba su shekara guda a lambu, a doguwar leda saboda saiwarsu ta tsakiya. Kafin a ba da odar, yana da kyau a leƙa gandun rainon dashe na hukumar dashen itatuwa ta jiha da tashar binciken shingen itatuwa ta cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa da ke Kano, a tambayi irin da suke da shi a wannan shekarar.